Miyar Korina Tana Fitowa da Ɗaci, Kuma Rabin Gidan Ba Sa Cin Yaji

*Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya yi karatu shekara 3 a Indiya, tun da ya dawo ba shi da zance sai miyar korin kayan lambu da ya saba ci a can. Ga shi gida ɗaya muke da Hajiya mahaifiyarsa, gyambon ciki ya hana ta cin yaji, yarana biyu kuma ƙanana ne, ba sa iya attarugu. Sau biyu na gwada. Na farko na markaɗa tumatir kamar zan yi dage-dage, na zuba kayan lambun gaba ɗaya, na juye ƙullin kori uku a kai. Ta fito tsululu, ga ɗaci a maƙogwaro. Na biyu na ƙara madarar gwangwani don ta yi kauri, sai ta tsinke ta yi gudaji, dankalin bai nuna ba, kabejin kuwa ya caɓe. Maigida bai ce uffan ba, ya yi loma uku ya ce a dafa masa shayi. Shirun nan ya fi min ciwo a kan faɗa. Ko dai sai da yaji take daɗi, in haƙura?*

*Maman biyu, Zariya*

Wa alaikumus salam, Maman biyu.

Kada ki haƙura, don ba yaji ne ya rasa a tukunyarki ba. Abin da ya faru shi ne kin ɗauki hannun dage-dage kin kai shi inda ba wurinsa ba. A miyarmu tumatir da tattasai su ne jikin miya, kori kuwa ɗan barbaɗi ne da ake yi don ƙamshi. A miyar da maigidanki ke nema abin juyewa yake yi: albasa da kayan ƙamshin da aka soya a mai su ne jiki, tumatir baƙo ne da aka ba shi ɗan gefen tabarma. Shi kansa barkono baƙo ne a girkin Indiya, Turawan Fotugal ne suka kai shi bayan Vasco da Gama ya isa can a 1498, kuma har gobe suna da miyar da ake kira korma wadda yara da tsofaffi ke ci ba tare da sun nemi ruwa ba.

Kafin ki sake ɗora tukunya, ki tambayi maigidan abu ɗaya: wadda ya saba ci, wace kala ce, kuma da me ake cin ta? Indiya ƙasa ce mai faɗi. A kudu, irin su Kerala, madarar kwakwa ce ke riƙe miya, takan fito ruwan ɗorawa mai haske, a ci da shinkafa. A arewa, wajen Delhi da Punjab, albasa da tumatir da kindirmo ko kirim ne, ta fi jan launi da kauri, a ci da burodinsu na faifai. Amsarsa za ta hana ki yin wahalar banza. Zan ba ki ta kwakwa, don ita ta fi sauƙi ga cikin Hajiya da bakin yara, sannan in faɗa miki yadda za ki juya ta da kindirmo.

Mu fara da ɗacin, tunda shi ya fi ɓata miki rai. Garin korin da muke saye ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne, kuma Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a matsayin gari guda cikin gwangwani. Matan Indiya a gidajensu kowace miya da haɗinta. Kurkur ne ke ba shi launi, akwai kusbara da kamun, kuma sau da yawa akwai hulba. Duk wadda ta taɓa shan hulba ta san ɗacinta. Ƙamshin waɗannan kayan a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Idan kin juye garin a kan ruwan tumatir yana tafasa, ƙamshin ba ya buɗewa, sai gafin ɗanyen kurkur da ɗacin hulba su zauna a maƙogwaro. Haka ma idan kin zuba shi busasshe a mai mai tsananin zafi, cikin ƙiftawar ido zai ƙone, ɗacin ƙuna kuwa ba shi da magani. Tsakanin waɗannan biyun aikin yake.

Sannan ki daina auna kori da ƙulli, don ƙulli ba girmansa ɗaya ba. Ki auna da cokali. Ki shinshina garin kafin ki yi amfani da shi: in ba ya bugun hanci, ya tsufa, ƙara yawansa ɗaci kawai zai ƙara. Ki kuma lasa kaɗan a harshe, domin wani korin da barkono a cikinsa, musamman wanda aka rubuta Madras a jikinsa. Irin wannan ba na gidanku ba ne.

Ga abin da za ki tanada na mutum 6. Albasa manya 3, man gyaɗa babban cokali 4 (in kina da soyayyen man shanu ki yi rabi da rabi, shi ne ɗan'uwan man da mutanen Indiya suke girki da shi), tafarnuwa ƙwara 5, ɗanyar citta kamar rabin babban yatsanki. Garin kori babban cokali 2 a shafe, ba mai tozo ba. In kin samu garin kamun da na kusbara a wajen masu kayan ƙamshi, ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya. In ba ki samu ba, ba a fasa girki. Kirfa guntu kamar gaɓar yatsa, kanumfari 3. Tumatir nunannu matsakaita 3 kacal, da jan tattasai 1. Kayan lambu kuwa: dankalin turawa matsakaita 4, wato wajen rabin kilo, karas 3, kabewa yanki kamar tafin hannu biyu, koren wake cikin hannu ɗaya, kabeji kwata. Sai kwakwa 1 babba, gishiri, dunƙule 1 ko 2, da rabin lemun tsami.

Tattasan nan ki kula da shi. Wani tattasan yana da ɗan zafi, kuma zafin ba a 'ya'yan yake zaune ba kamar yadda ake zato, a farar jijiyar ciki yake wadda 'ya'yan ke manne da ita. Ki tsaga shi, ki kankare jijiyar tas da bakin wuƙa, ki ɗanɗana bakin yankan. In kin ji ya taɓa harshe, ki ajiye shi don miyar gobe, ki sa koren tattasai mai ƙaton ciki a madadinsa, shi ba ya yaji ko kaɗan.

Kwakwar za ki fara yi, kuma sau biyu za ki tace ta. Ki kankare, ki yayyanka ƙanana, ki markaɗa da ruwan ɗumi kofi 1, ki matse a kyalle mai tsabta. Wannan ta fari mai kauri ce, ki rufe ta ki ajiye gefe, ba za ta ga wuta ba sai ƙarshe. Ki mayar da dusar cikin injin markaɗe da ruwan ɗumi kofi 2, ki sake matsewa. Ta biyun tsinkakkiya ce, da ita za ki dafa kayan lambun. In ta gwangwani kika samu, ki kwashe mai kaurin da ke sama ki ajiye, ki sirka sauran da ruwa.

Yanzu albasa, kuma a nan ake cin jarrabawa ko a faɗi. Ki yanka ta ƙanana sosai. Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi a matsakaiciyar wuta, ki zuba mai, ki jefa kirfa da kanumfari su yi rabin minti, sannan albasar da ɗan gishiri kaɗan don ta saki ruwanta. Minti 12 zuwa 15 za ta ɗauka, kina juyawa. Da fari za ta yi fari tana ƙyalli, sai ta fara zubewa ta koma kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda kika zuba ta, gefunanta su yi launin zuma, ƙamshinta ya tashi daga mai hawa ido ya koma mai zaƙi-zaƙi. Wannan zaƙin shi ne zai maye gurbin yajin da kika cire. Mai gaggawa takan ƙara wuta don ta rage lokaci, sai bakin albasar ya ƙone cikinta ɗanye, ta haɗa wa kanta ɗaci na biyu. In kin ga ta fara kamawa, ki yayyafa ruwa cokali 2 ki kankare gindin, abin da ya manne ɗin ɗanɗano ne matuƙar bai yi baƙi ba.

Tana kan wuta ki daka tafarnuwa da citta su yi laushi. Ki kuma zuba garin kori da kamun da kusbara a ƙaramin kwano, ki dama da ruwa babban cokali 3 ya yi kamar kunu mai kauri. Albasa na yin yadda na faɗa, ki rage wuta, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta, minti 1 kawai. Sai ki juye damammen korin. Zai yi cuuu, ruwan ya fara ƙonewa, garin ya soyu a hankali a bayansa. Ruwan nan shi ne garkuwarki daga ƙuna. Ki yi ta juyawa minti 1 zuwa 2, har ki ga mai ya fara fitowa a gefe da launin ɗorawa, ƙamshi ya cika kicin har ya leƙa tsakar gida. In kin ji warin ƙauri ko kin ga ya yi duhu kamar garin kofi, kada ki yi ta maza ki ci gaba. Ki zubar, ki wanke tukunya, ki sake. Asarar albasa 3 ta fi asarar tukunya guda.

Sai jajjagen tumatir da tattasai. Ki soya su minti 8 zuwa 10 har ruwansu ya ƙone, mai ya taso sama, ludayi ya bar hanya a gindin tukunya in kin ja shi. Wannan dai kin san shi daga miyarmu. Abin da ban yarda ki ɗauko daga miyarmu ba shi ne kanwa. Da yawa muna jefa 'yar kanwa ko bakin soda don kashe tsamin tumatir. A nan, da zarar kanwa ta haɗu da kurkur launinsa juyewa yake ya koma ja mai duhu, ta kuma narkar da kayan lambu su caɓe. Tumatir 3 da aka soya da kyau ba su da tsamin da zai buƙaci kanwa. In kin ji saura, rabin ƙaramin cokalin sukari ya isa. Tumatirin gwangwani ko na leda kuwa ki bar shi, zai danne komai.

Dankalinki da ya ƙi nuna ba laifin wuta ba ne. Tsami ne ke hana dankali laushi. In ya shiga ruwan tumatir da yawa yana ɗanye, zai iya yin rabin awa yana tafasa cikinsa na nan da ƙarfi, kabejin da ya shiga tare da shi kuwa minti 3 kawai yake buƙata. Maganin abu biyu ne. Ki yanka dankali da kabewa daidai girman dunƙulen miya biyu a haɗe, karas ƙasa da haka kaɗan tunda ya fi su taurin kai, kuma kowane iri yankansa ya zama ɗaya. Sannan ki tafasa dankali da karas daban a ruwan gishiri minti 5, ki tsame su da saura. Kada ki zubar da ruwan, zai yi miki amfani in miya ta yi kauri.

Daga nan kowa da lokacin shigarsa. Ki juye dankali da karas a soyayyen haɗin, ki juya minti 1 su sha launi. Ki zuba tsinkakkiyar madarar kwakwa, ta tsaya daidai kan kayan, kada ta shanye su. Kayan lambu ma za su saki nasu ruwan, wannan ne ya sa taki ta farko ta yi tsululu. Ki sa dunƙule da gishiri, ki zuba kabewa, ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa, tana ɗan motsi ba ɓararraka ba. Bayan minti 6 koren wake ya shiga, a yanka shi tsawon gaɓar yatsa. Bayan wasu minti 5 ki soka wuƙa a dankali: in ta shige ba gardama, kabeji ya shiga, ki bar murfi a buɗe minti 3.

Kauri ba daga madara yake zuwa ba. Ki nemi guntayen kabewa 5 ko 6 da dankali 2, ki murƙushe su da bayan ludayi a jikin tukunya, ki juya. Nan take za ki ga ruwan ya haɗe jikinsa ya kama bayan ludayi. Shi ya sa na sa miki kabewa, ban da zaƙin da yara ke so. In ba lokacinta ba ne, dankalin Hausa 1 zai yi aikinta. In kina so ta ƙara nauyi ta riƙe ciki tunda ba nama, ki zuba dafaffen farin wake kofi 1 tare da koren wake, ko ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa babban cokali 1 a cikin tsinkakkiyar madarar tun farko. Mutanen Indiya da yazawa suke wannan kaurin, gyaɗarmu ba ta gaza ba, amma kada ta wuce cokali 1, in ba haka ba miyar gyaɗa kika yi.

Madarar gwangwaninki kuwa abin da ya same ta shi ne abin da ke samun madarar waken suya in an zuba mata ruwan tsami za a yi awara: zafi da tsami suka haɗu, ta dunƙule. Madarar kwakwa ta fi haƙuri, amma ita ma mai kaurin in ta tafasa da ƙarfi mai ne zai rabu ya hau sama. Don haka ki kashe wuta ko ki mayar da ita can ƙasa, ki zuba mai kaurin da kika ajiye, ki juya a hankali, minti 2 ta yi zafi ba tare da ta tafasa ba. Ki sauke. Ki matsa lemun tsami kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. Miyar da ba yaji takan zama lami a baki, kuma sau da yawa ɗigon tsami take nema ko ɗan gishiri, ba ƙarin kori ba. Na Hajiya ki ɗiba kafin lemun ya shiga. Ki tsamo kirfa da kanumfari, ki ƙirga kanumfarin 3 cif, don yaron da ya tauna kanumfari sau ɗaya ya gama da miyar har abada. Ki rufe ta huta minti 10 kafin a zuba.

In maigida ya ce ta arewa ya saba ci, ki bar kwakwa, ki dafa kayan lambun da ruwan tafashen dankalin, ki ƙara tumatir 1. A ƙarshe ki samu kindirmo marar tsami sosai rabin kofi, wanda ya huce daga sanyin firiji, ki kaɗa shi da ƙaramin cokali 1 na fulawa har ya yi sumul. Ki ɗebo ruwan miyar mai zafi ludayi ɗaya ki dama a cikinsa, sannan ki juye a tukunya wuta a kashe. Fulawar da wannan sirkin su ke hana shi tsinkewa.

Shi kuwa maigida, ba za a hana shi yajinsa don an tausaya wa wasu ba. Ki jajjaga attarugu 2 da ɗan albasa, ki soya a mai cokali 1 a ƙaramin kasko, ki zuba ludayi biyu na miyar a kai su tafasa tare minti 2, ki haɗa a kwanonsa. Hakan ya fi barbaɗa yaji a sama, don zafin barkono ma a mai yake narkewa, sai ya ratsa miyar ya zama kamar da shi aka dafa. Ludayin da ya taɓa kaskon nan kada ya koma babbar tukunya.

Game da Hajiya, cire yaji ba shi ne duka ba. Wasu masu gyambon ciki maiƙo ne ke tayar musu, wasu tumatir, wasu albasa ko citta. Ranar farko ki zuba mata kaɗan a gefen abincin da ta saba, ki kwashe man da ya taso saman nata, ki bar ta ta faɗa miki yadda ta kwana. In likita ya hana ta wani abu daga cikin kayan nan, maganarsa ce gaba da tawa. Ranar gwajin ma ki zaɓi ranar da akwai wata miyar a gida, hannunki zai fi sakewa in kin san ba ita kaɗai aka dogara da ita ba.

Farar shinkafa ce abokiyar tafiyar miyar nan, wara-wara, kada ki sa mata kori ko mai, miyar ta ishe ta. Gurasa mai ɗumi ma ta dace da ita ƙwarai, ita ta fi kusa da burodin da ake dangwala miya da shi a Indiya, sinasir kuma yana shan ta kwakwar kamar don shi aka yi.

Abin da ya rage kada ya kwana a waje. Madarar kwakwa ba ta jure zafinmu, da rana tsaka awa kaɗan ya isa ta fara tsami. Cikin awa 2 da saukewa ta shiga firiji, kuma a cinye ta cikin kwana 2. In wuta ba ta zama a unguwarku, ki dafa daidai cin rana ɗaya. Daskarar da ita ba ya yi wa dankali kyau, yakan fito kamar soso. Wajen ɗumame, wuta kaɗan da ruwa cokali 2. Ki zuba ta a kwanon silba ko na tangaran, don kurkur in ya kama farar roba ba ya saki. In ya ɗiga a rigar yaro za ki ga wurin ya yi ja da zarar sabulu ya taɓa shi, kada ki tsorata, ki ɗauraye ki shanya a rana mai ƙarfi, hasken rana ke cinye tabon kurkur.